Makin da Baba Ya Ba Ni

Birmingham, 9 ga Yuli

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi, a gaida Gwaggo Verna. Na rubuto a takarda ne don ba ka buɗe saƙon waya, in na kira kuma sai ka ce kana da gawa a kan tebur kana shirya ta don jana'iza.

Ofishin tantance masu neman makarantar likitanci sun dawo mini da takarduna. Ka san tsarinsu: duk darasin da mutum ya yi sai ya faɗi layinsa, ko kimiyya ko sauran darussa, kuma makin kimiyya ake fara dubawa. Darasinka na kwalejin garinmu, Sinadaran Adana Gawa, na sa shi a layin sauran darussa, a matsayin sana'a. Suka ga kalmar sinadarai a sunan, suka mayar da shi kimiyya. C ɗin da ka ba ni ya jawo makina na kimiyya daga 3.52 zuwa 3.47. Makarantun da nake sa rai da su ba sa buɗe takardar da ba ta kai uku da rabi ba.

Ana iya ɗaukaka ƙara, amma sai malamin ya rubuto cewa kimiyyar da ke cikin darasin ba ta kai rabi ba. Malamin kuwa kai ne.

Wannan ne nemana na uku. Jarrabawar shiga da na ci, a bana za ta daina aiki, kuma ba ni da ƙarfin sake zama. Na gaji da aikin tura gadon marasa lafiya a asibiti ina matsa wa masu farar riga su wuce.

'Yarka,
Corinne

Demopolis, 14 ga Yuli

Rinny,

Ina amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan, ba ta gudu ba. Verna ta ce kin rame a hoto, na ce mata haka 'yan birni suke.

Na karanta takardarki a tsanake don in fahimci abin da ake nema. Wato in sa hannu cewa ni mai kwalliya ne. Tun kafin a haife ki nake gaya wa likitocin garin nan, masu aiko mini da aikinsu ta ƙofar baya, cewa nawa aikin ma ilimi ne. Wanda bai san yadda ruwan adana gawa ke yi da jikin mai ciwon ƙoda ba, zai miƙa wa mutane uwarsu a kumbure. Yau an wayi gari wani ofishi a ƙasar nan ya yarda da ni, sai 'yata ta ce in rubuta musu cewa sun yi kuskure.

C kuwa guminki ne. Kina bayan aji kina haddar littafin wani darasin, kin ɗauka ban gani ba.

Ba zan rubuta abin da ba haka yake ba. In ba su ɗauke ki ba, ɗakinki na sama yana nan, kuma allon ƙofar gidan jana'izarmu da sauran wuri a ƙarƙashin sunana.

Allah ya tsare ki.
Mahaifinki,
Lucius Pettway

Birmingham, 19 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. Ka gaya wa Gwaggo ina cin abinci, kifin nan ne bai kai nata daɗi ba.

Ban ce ka yi ƙarya ba, kuma ban ce ka gyara makin ba. Cewa na yi ka duba. Littattafan da kake koyarwa da su suna cikin akwatin da ke bayan motar ɗaukar gawa. Ka buɗe ka gani.

Ina bayan aji, haka ne, amma kunnena na aiki. Na tuna lissafin ruwan adanawa a farkon zango. Daga nan me ka koya mana? Yadda ake haɗa launi da hannu, saboda hodar kamfani ba don baƙar fatarmu aka yi ta ba. Yadda ake rufe baki kada mutum ya fito kamar yana fushi da danginsa. Yadda ake roƙon matar mamaci hoto ba tare da ta sake fashewa da kuka ba. Ka ce mana hoton fasfo ba ya amfani, a nemi wanda aka ɗauka yana dariya.

Ranar jana'izar Mama, mutane sun yi ta cewa kamar barci take yi. Ni na san ɗan ramin murmushin kumatunta na hagu ya ɓace a asibiti, kuma na gan shi a coci bayan ta fito daga hannunka. Ban san a wane layi ofishin nan za su sa wannan ba. Na dai san ba sinadari ne ya sa na iya kallon fuskarta ba.

Maganar allo kuma na gane. Ina tsoron ita ce ainihin amsar, sauran duk rakiya ce. In haka ne ka faɗa mini kai tsaye, zan fi iya ɗauka.

Ƙarshen wata suke rufewa. Ba zan sake tambaya ba.

Taka,
Corinne

Demopolis, 25 ga Yuli

Rinny,

Gaisuwa. Na buɗe akwatin. Verna ta tsaya a kaina tana karantawa da ƙarfi, abin da ba wanda ya sa ta. Sinadaran ba su kai rabi ba. Ko kusa.

Na rubuta wa mutanenki haka, na haɗa da tsarin darasin, na sa hannu da cikakken sunana. A wurin da suka tambayi abin da ya fi yawa a ciki na rubuta: gyaran fuska da lallashin masu rai. Kada ki yi mini godiya, ban ji daɗinsa ba.

C ɗinki na nan daram, layi kawai zai sauya.

Mai rubutun allo da ya ce zai zo ranar Litinin ya ƙara sunanki a ƙarƙashin nawa, na aika masa ya bari.

Allah ya ba da sa'a.
Baba