Faifan Noeline da Tsintsiyar Lahadi

Burnie, Litinin

Zuwa ga abokina Merv,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ma'aikatan gidan tsofaffin nan na Mildura ba su gaji da surutunka ba tukuna. Yaya ƙafar? Yaya idon da aka yi wa aiki?

Yau Litinin na tashi da dama-dama. Ƙugun da na karya ya haɗe, amma sai da sanda nake zuwa kicin, kuma numfashina kan ƙare kafin buta ta tafasa. Iskar teku tana dukan taga tun jiya, sanyin Yuli, tsakiyar hunturunmu, ya shiga ƙashi. Mai jinya takan leƙo da safe ta auna ni ta tafi. Bayan ita ba mai magana a ɗakin nan sai rediyo. Da kunnenka na ji da na buga maka waya, amma na gaji da yin ihu, ga takarda.

Ka san tun rasuwar matata Noeline ni nake kula wa gidan rediyon garinmu da ajiyar sautinsu, don in sami abin yi. Kai ka bar aikin kwamfuta tun muna ɗora manyan faya-fayan tef da hannu, to bari in yi maka bayani yadda tsohon kanka zai ɗauka. Yanzu ba mu da na'ura a gini. Haya muke yi wurin wani kamfani can Sydney, abin da suke kira gajimare. Kana zaune a kujerarka ka ce a yanka maka faifai mai girma kaza, nan take a yanka. Ba ka ganinsa, ba ka taɓa shi. Ka jona shi da na'urar da ka ga dama, ka cire sa'ad da ka so. Ba shi da suna sai wata doguwar lamba, in ba ka manna masa alama ka rubuta mai shi ba.

A kan irin wannan faifai na tara shirin lambu na Noeline na rediyo kaf, duk shekarun da ta yi tana faɗa wa mutane lokacin shuka dankali da yadda ake korar dodon koɗi daga latas. Kaset-kaset ɗin da aka naɗi shirin a kai sun yi fumfuna, da na kwashe sautinsu na zubar da su sa'ad da na sayar da gidanmu.

Da na gama, sai na yi abin da aka koya mana ni da kai: abin da kake so ya tsira, ka sauke shi daga na'ura ka ajiye gefe. Na cire faifan. Na ce gobe in manna masa alama in ɗauki kwafinsa. Goben nan ce na zame a banɗaki.

Ina asibiti kwamitin gidan rediyon ya ba wata mata aikina, Tamsin Vella, mai hankali ce, aikin take yi a wani kamfani, namu taimako ne kawai. Aka rufe mini hanyar shiga ajiyar tunda na daɗe ban taɓa ta ba. Tamsin ta ga ana biyan hayar faya-fayan da ba mai amfani da su, ta rubuta wani shiri da suke kira Tsintsiya. A wurinsu faifan da ba a jone yake ba, kuma ba alama, maraya ne, shara ne. Ranar Lahadi da asuba Tsintsiya za ta share su duka. A takardar labarai ta gidan rediyon na karanta, Merv, ƙarƙashin tallan kasuwar kek.

Na kira ta. Ta ce, "Haba Lindsay, wa yake cire faifai don ya adana shi?" Na ce, "Duk wanda ya koyi aiki kafin a yaye ki." Ta yi dariya ta ce, "To gwani, faɗa mini lambarsa." Ban riƙe ba. Ta ce marayun suna da yawa, kowane ɗan sa-kai da ya wuce ya bar nasa. Na ce ta dakatar da Tsintsiyar mana. Ta ce, "In na sake ɗagawa shugaban kwamiti zai cinye ni ɗanya. Kwantar da hankalinka, ran Jumma'a zan zo da kwamfutata, mu jona su ɗaya bayan ɗaya har mu ji matarka. Kai dai ka dafa shayi."

Ka gaida ɗiyarka in ta zo.

Naka,
Lindsay Trethewey

Burnie, Alhamis

Merv mutumina,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Na ji ƙungiyarka ta ƙwallo ta sake shan kashi, Allah ya ba ka haƙuri, ko da yake ka saba.

Ni dai tari ya dame ni, amma na ci abinci. Na san takardar farko ba ta ma iso wurinka ba, amma ina jin abin da za ka ce tun daga nan: kwafi ɗaya ba kwafi ba ne, jaki. Na sani. Ni na koya maka.

Tun Litinin nake tunanin yadda muke goge tef a da. Sai mutum ya tashi, ya je kanta, ya ɗauko, ya karanta takardar da ke jiki. Sannan ya nemo zoben robar nan ya sa a bayansa, don in ba zobe na'ura ba ta rubutu. Ka tuna sau nawa kana riƙe da zoben ka tsaya ka ɗaga murya, "Kai, na wane ne wannan?" Tsintsiya ba ta tambaya. Kamfanin yana alfahari faifansu ba ya ɓata, wai suna ajiye kowanne a wurare da dama. Gaskiya ne. Amma in umarnin gogewa ya zo, duka suke tafiya tare.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Duk watannin da na yi ina kwashe kaset-kaset ɗin, ban saurara ba. Nakan rage murya ƙasa, in zuba wa allurar sauti ido tana rawa, in san dai tana magana. Na ce sai na yi ƙarfi. Jiya na gwada tuno muryarta. Kalmomin suna nan, har faɗan da take yi wa masu yi wa tumatir ban ruwa da tsakar rana. Amma muryar kanta ta ƙi zuwa. In na matsa, ta mai jinya nake ji.

Na roƙi mai jinyar ta sayo mini biskit mai citta da madara. Ta ce, "A'a, Lindsay, budurwa aka yi?" Na ce ƙwarai, da kwamfutarta za ta zo neman aurena. Na goge teburin, na jawo fitila kusa da soket don ta sami wurin caji. Wannan ɗan aikin sai da na kwanta bayansa.

Gobe war haka na ji Noeline. Ban san ko zan iya ba a gaban baƙuwa.

Naka kullum,
Lindsay

Burnie, Asabar da yamma

Merv,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da rubutun, ƙirjin ba daɗi yau.

Jiya da hantsi Tamsin ta kira. Wani abu ya lalace a wurin aikinta, an tura ta can garin Launceston. Muryarta a gajiye. Na ce to ta manna wa marayun duka alama daga inda take, aikin ɗan lokaci ne. Ta ce, "Lindsay, ina tuƙi, ga shugabana yana kira a ɗaya layin. Gobe bayan wasan ƙwallon ɗiyata ina wurinka, na rantse. Ka rage mini biskit, kar ka cinye."

Yau tun safe na yi aski na sa rigar sanyi mai kyau. Na zauna inda nake hango titi. Da rana ta karkata na kira ta, na'ura ta ce in bar saƙo. Na bari. Na sake bari. Na kira gidan rediyon, wani da ban sani ba ya ɗauka, kiɗa na tashi a bayansa. Na yi masa bayanin faifai da alama da Lahadi. Ya ce, "Yallaɓai, wace waƙa kake so a sa maka?" Shugaban kwamiti kuwa matarsa ta ce ya tafi kamun kifi can yamma, inda waya ba ta kamawa.

Ba na ganin laifinta, Merv. Tana da aiki da 'ya'ya, ni kuma tsoho ne da faifan da ba suna. Wataƙila ma ta dakatar da Tsintsiyar ta manta ta faɗa mini. Wataƙila. Ba ni da hanyar dubawa. Na zauna gaban kwamfutata na rubuta sunana da kalmar sirrina, ta ce ba ta san ni ba.

Kai ka sha jin shirin nata sa'ad da kuke zuwa mana hutu. In ka tuna yadda muryarta take, ka rubuto mini, ko yaya ka iya faɗa. Siririya ce ko mai kauri? Takan ja numfashi kafin ta yi dariya, ko ni na ƙirƙiro wannan?

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mu tare.

Abokinka,
Lindsay Trethewey

Ƙari: Na buɗe ambulan don in rubuta wannan. Fitilun titi sun kama, motar da na ji ta maƙwabta ce. Tamsin ba ta zo ba.