Takardar da Baba Ya Liƙe da Roba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Saƙo ya shigo wayata ina cikin ƙulla wa wani mutum irin kuɓewa a shagon Alhaji Tambari. Sun kira ni tantancewa. Ni Ruth Ezekiel! Aikin malamin gona ne a wata hukuma, na cike takardar nemansa tun Janairu har na manta da shi. Talata 22 ga wata, ƙarfe takwas. Shekara biyar da gama digiri a kimiyyar noma, yau ne karon farko da wani ya ce in zo ya ga fuskata.

Sai da na karanta sau uku idona ya kai layin ƙarshe: a zo da takardu na asali, ba za a karɓi wadda aka yi wa laminatin ba.

Tawa an yi mata. Baba ne ya yi.

Talata, 8 ga Yuli

Shekarar da na karɓo takardar, ruwan Agusta ya ɓula rufin ɗakin Baba ya shiga akwatinsa. Takardarsa ta malanta, wadda ya adana shekara talatin da biyar, ta dame kamar kunu. Washegari bai gaya wa kowa ba, ya ɗauki tawa ya hau kabu-kabu zuwa wajen masu fotokwafi, aka liƙe ta da roba gaba da baya. Ya sa ta a gilashi, ya kafa ƙusa a falo. Har yau ina jin muryarsa: "Uwata, wannan ko gulbin Rima ya shigo gidan nan ba abin da zai same ta."

Kullum da safe sai ya goge gilashin kafin ya sha maganin hawan jini. Mutumin da bara ɓarin jikinsa ya kusa shanyewa, shi zan ce wa hannunka ne ya rufe mini ƙofa?

Ga shi 15 ga Agusta zan cika talatin. Duk tallar aikin da na gani, kada a wuce talatin. In wannan ta kuɓuce, shi ke nan.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na je jami'armu. Matar ofishin ta ba ni kujera, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce takardar digiri sau ɗaya ake buga ta. Akwai wasiƙar shaida da za su iya yi mini, amma sai na ba su wata biyu ko uku. Ni da nake da kwana goma sha biyu.

Na biya shagon Kausar a nan Tudun Wada. Tare muka gama sakandare, ita ta tsaya nan ta kama ɗinki. Yanzu keken ɗinki shida gare ta, da keke-napep da ake ja mata. Ni abin da Alhaji ke ba ni a wata ko buhun shinkafa ba ya saye. Ba hassada nake ba, Allah ya sani. Amma in na shiga shagon nan sai in ji na ƙanƙance.

"Digiri! Yau an tuna da jahilai?" Haka take kirana.

Na gaya mata. Ta ce ai abin banza ne, ɗan yayarta Junaid ya cire tasa: a shimfiɗa tawul a kai, a bi da dutsen guga a hankali, robar ta saki. Ta ce in kawo ta yi mini, guga sana'arta ce. Na ce a'a, zan yi da kaina. Girman kai ne kawai, ba wani abu ba. Wai ni da na shafe shekara biyar a ɗakin gwaji, dutsen guga zai gagare ni.

Lahadi, 13 ga Yuli

Baba ya tashi ba da shaida a coci. Wayyo ni! Ya dogara sandarsa ya ce Ubangiji ya tuna da gidansa, 'yarsa za ta zama ma'aikaciya, waɗanda ke cewa boko ya daina biya su zo su gani. Matan zumunta suka yi ta guɗa. Mama ta riƙe hannuna tana kuka. Ni kuwa zufa har cikin takalmi.

An tashi, Fasto ya ce a wajensa na riga na samu aikin. Ban samu komai ba, jama'a, kira kawai aka yi!

Laraba, 16 ga Yuli

Na yi. Na lalata ta.

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zan daina ganinsa in na rufe ido. Jiya na saci fita da ita na yi fotokwafi mai kala. Yau da la'asar Baba da Mama suka tafi addu'ar Laraba. Na sa fotokwafin a gilashi na mayar kan ƙusa. Wuta ba ta zo ba tun Litinin, sai na ɗauko dutsen gugan Mama na gawayi. Nan ne haukata. Na gawayi ba shi da wurin ragewa, yadda ya ga dama yake zafi.

Gefen farko ya saki lafiya lau, har na yi murmushi. Na ƙara dannawa. Sai na ji ƙauri. Na ɗaga tawul na ja robar, ta taso da rubutun a jikinta. "Ruth" ya tafi gaba ɗaya, rabin "Ezekiel" ya bi shi. Jan hatimin nan ya narke ya zama tabo. Wurin da aka rubuta matakin da na fita da shi ya yi baƙi.

Na zauna a ƙasa ina kallon sunana a jikin leda. Ko kuka ya ƙi zuwa. Na kwashe tarkacen na tura a murhu, na sa takardar a ambulan na cusa ƙarƙashin katifa.

Alhamis, 17 ga Yuli

Baba ya goge gilashin da safe. Ya daɗe a tsaye. Ni kuwa na wuce sumui-sumui.

Asabar, 19 ga Yuli

Kwana uku ke nan. Ko an taɓa ƙofa sai in zabura. Da na nuna wa Kausar takardar ta dafe kai: "Ke Ruth, da na gawayi? Me ya hana ki kawo?"

Yau wani dattijo daga Wamakko, Malam Illo, ya zo shago da tsiron shinkafa a leda. Ganyen ya yi tsatsa-tsatsa, ya ƙi tashi.

"Malama, ba ni maganin ƙwari mai ƙarhi. Sau biyu munka hesa, shinkahwag ga ba ta ji ba."

Na duba ganyen, na duba saiwar, na shinshina ƙasar da ke jiki. Na tambaye shi ko ruwa ya kwanta a gonar tun dashe, ya ce ko kwana ɗaya bai janye ba. Na ce Baba, ba ƙwari ba ne, yunwa ce. Ƙasar ta hana ta wani sinadari, zinki ake ce masa. Ka buɗe ruwan ya tsane kwana uku ko huɗu, sannan ka fesa wannan ɗan ƙullin, ka bar kwalbar nan mai tsada.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyata, ke kin taɓa noma kuwa?"

Na ce karanta shi na yi. Ya yi dariya har da buga sanda, amma ya ɗauki ƙullin. Alhaji Tambari ya harare ni, wai na kori ciniki. Minti goman nan kaɗai na yi a satin nan ban tuna ambulan ba.

Talata, 22 ga Yuli

Na je. Mun fi ɗari uku a layi, wasu da furfura a gemu suna rantsuwa ba su kai talatin ba. Wani a bayana digiri biyu gare shi, cajin waya yake yi a unguwar Gidan Igwai.

Abin da ba zan manta ba har in mutu: saurayin da ke gabana ya miƙa takardarsa, da robarta, tana ƙyalli. Jami'in ya juya ta, ya ɗaga ta a haske, ya buga masa hatimi ya ce wuce. Haka na waɗanda suka riga shi. Ba wanda ya ko ambaci laminatin. Ashe layin nan rubutu ne kawai da suka saba kwafowa.

Da na bar ta yadda Baba ya yi ta!

Aka zo kaina. Ya zaro tawa da yatsa biyu. "Wannan ta wace ce? Ina sunan?" Na fara bayani. Ya ce shi abin da ya gani takarda ce da aka kankare suna, kuma in san cewa masu irin wannan 'yan sanda ake kira musu. Nan take na ga kaina a bayan motar 'yan sanda, na ga an je an gaya wa Baba. Wata jami'a a gefensa ta ce ya bar ni in tafi, ba ta ga alamar ɓarauniya ba, wauta ta gani. Ta faɗi gaskiya.

Na dawo na ce sun ce za su kira. Baba ya ce amin.

Juma'a, 25 ga Yuli

Da hantsi, Mama ta tafi kasuwa, Baba ya kira ni falo. Gilashin na kan cinyarsa.

"Uwata, wannan ba ita ba ce. Tun waccan Alhamis na gani, hatimin ba ya ƙyalli. Na ce ko kin ɗauka ne don tantancewa. To an yi tantancewa, ba ta dawo ba. Ina take?"

Na ɗauko ambulan. Na ba shi wayata ya karanta saƙon. Ya kai layin ƙarshe ya sake komawa. Ina kallon hannunsa na hagu, shi ne ya fara mutuwa bara. Na riga na shirya ihun da zan yi in ya faɗi.

Bai faɗi ba. Ya cire tabarau ya ce, "Ashe ni ne."

Na ce ba kai ba ne Baba, ni ce, na wasu da roba duk an karɓa. Ya ce da bai liƙe ba da ban ƙona ba. Na ce da na tambaye ka da ban ƙona ba. Muka zauna muna jayayya a kan wa ya fi laifi, ni ina kuka shi yana share tabarau. Can ya ce, "Kwana goma sha takwas kina ɗauke da wannan ke kaɗai a gidana? Tsorona kike ji haka?" Wannan ta fi komai yi mini zafi.

Ya sa gilashin a bayan kujera. Ƙusar na nan tsirara a bango.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ban je coci ba. Ba zan iya da "ya aiki?" ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Na cike takardar neman wasiƙar shaida. In ta fito na riga na wuce talatin, ban san wa zan nuna wa ba. Tsoron da nake ji yanzu wani iri ne, ba ya sa ni zabura, zama yake a ƙirji. In tsufa a shagon Alhaji ina ƙulla irin kuɓewa. Shekarun da Baba ya yi yana tafiya makaranta a ƙafa don in yi karatu, a ce sun tafi a dutsen guga.

Asabar, 9 ga Agusta

Ina wanki na ji sallama a ƙofa, muryar dattijo: "Nan ne gidan Malamar gona?"

Baba ne ya fita. Malam Illo ne, da ƙwan zabi a ƙwarya, Alhaji ya kwatanta masa gidan. Ina jin su ta taga. Wai shinkafarsa ta murmure ta yi kore shar, maƙwabtansa sun ce sai ya kawo musu wadda ta duba. "Mu bakwai muna, kowa da tashi matsala. Ba kyauta mu ka so ba, a hwaɗa muna abin da za mu ba ta."

Baba ya ce, "Wa ka ce kana nema?"

"Malamar gona mana. Ba ɗiyarka ba ce?"

Baba ya ce, "'Yata ce." Ya sa aka kawo masa kujera. Sun fi awa suna hira, har Baba ya ba shi labarin darasin noma da ya koyar a firamare.

Ni tsoro ya kama ni sabo. In na faɗa musu ba daidai ba fa? Abincin shekararsu ne. Na zaro tsofaffin littattafaina daga kwali, duk ƙura.

Asabar, 16 ga Agusta

Jiya na cika talatin. Sai da muna dawowa daga Wamakko a mota na tuna, laka har gwiwa. Na jira abin nan ya danne mini ƙirji, bai zo ba. Wataƙila gajiya ce.

Zuwana uku ke nan. Gona biyar na gane ciwonsu, biyu na ce ban sani ba sai na bincika, ba wanda ya nemi ganin takarda. Hajjo matar Malam Illo ta ce rana za ta gasa ni, ta ba ni malfarta. Ba aiki ba ne wannan, kada in ruɗi kaina. Ba albashi, ba fansho, damina na wucewa ban san me zai biyo ba. Kausar ta ce in buɗe nawa shagon kusa da manoman, na ce ta rufa mini asiri. Amma na tambaye ta nawa ake kama ɗaki a can.

Na shigo na jefar da malfar a kan kujera na tafi wanka. Da na fito ban gan ta ba. Baba ya rataye ta a ƙusar nan ta falo. Yau da safe na gan shi yana kaɗe mata ƙura kafin ya sha magani.

Na ce, "Baba, malfa ce fa."

Ya ce, "Na gani, Uwata."

Litinin zan sauke ta in tafi da ita. In na dawo dai nan zan mayar.