Manibel Ɗin Hajiya Babu

Alhamis, 3 ga Afrilu 2025

Salamu alaikum ƙawayena na Konni da na waje, ku canka mini: mi ke cikin jakar Wasila shina ƙara kacau-kacau? Ba awarwaro ba na, ba kuma... Au. Na mance wanga ba sitatun waya ba na, tsohon kayena na rubutun lakwal na nit tono. Hannu ya saba da waya. To bari in hwaɗa ma kaina: makulli na. Makullin motar Baba!

Ciwon yana ya ci idon Baba, yanzu inuwa-inuwa ɗai shike gani. Mutumin da yay yi shekara talatin shina jan layin Konni da Illela, Illo direba da kowa yas sani. Yau bayan azahar yak kira ni zaure gaban ƙanenshi, Bappa Tanimun, yam miƙo mini. Bappa har ya gyara zama, shi a zatonshi ɗanshi Awal za a ba. Yac ce, "Yaya, ɗiya mace da mota bisa gudron, babban titi?" Baba yac ce, "Tana da farmin tuƙi. Awal na da?"

Amma da sharaɗi. Ba ni hita bayan gari sai Baba na gehena. Kuma daga yau har ruwan hwarko ya sauka, laihi guda ɗai, makulli ya koma hannun Awal. Nic ce na ji. Bappa yac ce ko sati biyu ba ni kaiwa. Za mu gani.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na wanke ta da omo har taya, nis sa hoto cikin gurup ɗinmu na 'yan aji. Minti guda ba a yi ba Barira ta turo bokal, saƙon murya, tana dariya har da tari. Wai, "Wasila, wagga ai Hajiya Babu ta. Babu kilim mai hura sanyi, babu rediyo, babu madubin dama, babu komi sai ikon Allah." Sunka yi ta turo hotunan dariya. Sunan ya bi ta ke nan.

Abin haushi, ba ƙarya tay yi ba. Sitalet ta, ta girme ni nesa, kuma cikin irinta ma ita ta ta ƙarshe, wadda ba a sa ma komi ba tun daga kamfani. Bisa tablo, gaban direba, akwai wurare huɗu da anka liƙe da baƙar roba, inda masu kuɗi ke da maɓallai. Tun ina ƙarama nike danna su, ba su yin komi. Na taɓa tambayar Baba mi yas sa bai ɗauko mai kaya ba, tunda ya gan su jere randa zai saye. Yac ce da gangan na, abin da ba a sa ma mota ba ba shi lalace maka tsakiyar dajin Tajaye.

To ita Barira mi take ja? Takalmi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Sitiyarin wagga mota sai ka ce ana juya tuwon biki. Damatsana ciwo. Ban hwaɗa ma kowa ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Na yi wani abu. Barira ta sake, wai kowa yash shiga motata ya tahi da mahuci da tawul. Raina ya ɓaci, nid danna bokal nic ce, "Ke da ba ki sani ba, an sa mata kilim, sanyi har ƙashi." Sai bayan ya tahi nig gane mi nic ce. Mutum goma sha ɗaya sun saurara kahin in goge.

Ba ni janyewa. Su je su bincika.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na kai ta garejin Sadisu, shi ke duba ta tun ban san kaina ba. Cikin dabara nic ce, "Malam Sadisu, ana iya sa mata kilim kuwa?" Yad dube ni, yad dubi motar, yac ce, "Ɗiyata, injinin ga in kin aza mishi kilim, hawan gadar Tsarnawa sai kin hita kin tura." Wai masu maɓallai kullum suna kwance gareshi ana jiran kaya daga Sakkwato, ita ko wagga da waya da filaya ɗai shike tada ta. Ya yi ta yabonta. Ni ba yabo niz zo nema ba.

Nik kuma yi mishi ƙorahin manibel, hannun nan da ake murɗa gilashi da shi. Guda ɗai yar rage ma motar, sauran ukku sun ɓace tun zamanin fasinja. Sai ka zare shi daga wagga ƙohwa ka kai waccan. Baba cikin aljihun riga shike aje shi da, yanzu cikin jakata shike tare da makulli. Sadisu yac ce in ya samu tsohuwa irinta zai ciro mini.

Labari mai daɗi: Mubaraka ƙawarmu da ke aure Malbaza ta haihu yau, namiji. Suna ranar Alhamis mai zuwa. Dut 'yan gurup za su. Da mota za ni, in sha Allahu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Kwana goma, ko kaza ban taka ba. Na gamu da Bappa bakin masallaci, nid danna mishi oda sau biyu, nic ce, "Bappa, a rage maka hanya?" Yac ce ƙahwahunshi lahiya lau suke.

Laraba, 16 ga Afrilu

Baba ya yarda, zai raka ni, shina da tsohon abokin aiki Malbaza da zai gaida. Barira ta rubuta wai ita za ta hwara tarbata ta sha sanyi.

Na yi lissahin abina. Har bakin gari gilashi a buɗe. Daga kwanar shiga unguwarsu Mubaraka zuwa ƙohwar gida bai kai minti biyar ba. In ruhe dut, in iso awa wata madam, in hito da sauri in kulle, in ce batir ba shi son a bar kilim kunne. Wa zai sani? Minti biyar ai ba kashe mutum shike ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Jiya ban iya rubutu ba.

Mun taso bayan azahar, rana awa wuta. Hanya lahiya lau, Baba na jin ƙarar inji shina ce mini sa ta ukku, sa ta huɗu, har da ba ni labarin wata akuya da tat taɓa haihuwa cikin but ɗinshi. Bakin Malbaza nit tsaya, niz zagaya da manibel nim murɗe gilashi huɗun nan, nij jehwa shi jaka, nis sa jakar ƙarƙashin ƙahwata.

Muna shan kwana sai ga manyan motoci, kamyon siminti biyu, sun haɗu cikin lungu, babu mai ja da baya. Bayanmu amalanke da mashina sun cike. Kuma daga nan ina hango rumhwar sunan, ina hango Barira da shuɗin leshi tana ɗaga waya tana ɗaukata. In na buɗe, ta gani.

Zuhwa na shiga mini ido. Baba yac ce, a hankali, "Wasila, ba ni hannun nan." Nic ce, "Baba minti biyu, yanzu za su matsa." Bai sake tambaya ba. Ina murmushi ma Barira ta gilashi, ina ɗaga mata hannu. Ban san minti nawa ba. Da nij juya, kan Baba ya langaɓe bisa ƙohwa, hularshi ta hwaɗi.

Ihun da niy yi, ban san ina da shi ba. Mutane sunka hiddo shi, anka kwantar ƙarƙashin iccen bedi, anka zuba mishi ruwan leda. Barira ta tar riga kowa isowa, ta cire mayahinta tana mishi hihita, tana cewa, "Baba Illo, Baba Illo, buɗe ido." Da za ta ɗauko hularshi cikin mota nig ga ta tsaya ta dubi tablo, ta dubi baƙaƙen robobin nan. Tad dube ni. Da ma ta zage ni.

Gidan likita anka ƙara mishi ruwa leda biyu. Majo, ma'aikacin da yad duba shi, yac ce zahi na ya haɗu da hawan jininshi, Allah ya taƙaita. Kahin magariba munka dawo. Ko jinjirin ban gani ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Bappa ya zo dubiya, labari ya riga mu iso. Ina bakin ƙohwa da kwanon kunu nij ji shina cewa, "An ce gilashi a ruhe kunka shiga gari. Cikin wanga zahi? Wa yar ruhe?" Baba yac ce, "Ni nis sa ta. Ƙurar siminti ke shiga mini ido."

Na aje kunu na hita. Makulli na nan jakata.

Ai ban ce ya yi mini ƙarya ba. Shi yag ga dama.

Litinin, 21 ga Afrilu

Gurup tsit, ba wanda yat tada zancen kilim. Barira ta turo ta gehe, "Ya jikin Baba?" Na ga saƙon, ban buɗe ba. Ba ni son tausan kowa. Kamyon nan su ka da laihi, wa yac ce su shigo lungu?

Talata, 22 ga Afrilu

Na kai Baba awon jini. Da yash shiga mota, kahin in tada, nig ga hannunshi na lalube jikin ƙohwa, wurin ɗan ƙarhen da manibel ke shiga. Yash shahwa sama yaj ji gilashi a buɗe, sannan yaj jingina. Bai san ina kallo ba. Mutumin da yak koya mini tuƙi, yau sai ya duba ko na ruhe shi.

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na hwaɗa. Bayan la'asar suna zaure su biyu, nish shiga nid durƙusa, niy aje makulli bisa tabarma. Nic ce, "Bappa, ba Baba yas sa ni ba. Ni nir ruhe don ƙawayena su ce akwai kilim. Ya roƙi manibel na hana shi." Ban yi kuka ba, ba gabanshi ba.

Bappa yac ce, "Yaya, ka ji ko?" Baba yac ce, "Na ji tun Malbaza. Laihi guda nic ce, an yi shi. Ɗauki." Bappa yas sa makulli aljihu.

Ba don Bappa niy yi ba, kada ya ji daɗi. Na gaji da ɗaukar jakar ta, nauyi tay yi mini.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Kabu-kabu nih hau zuwa kasuwa. Mai mashin ɗin bai iya canza giya ba, na hwaɗa mishi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Yau na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba! Bappa ya shigo da hantsi, huska a murtuke, yaj jehwa makulli bisa tabarmar Baba. Wai Awal ya zagaya da ita sau ɗaya, ta mutu mishi sau ukku gaban masu shayi, sunka yi mishi ihu. Yad dawo yac ce sitiyarin ya yi tauri, kuma shi ba shi jan motar da babu kilim babu rediyo, abokai su raina shi. Bappa yac ce, "'Ya'yan yanzu dut ɗaya kuke." Shina hita yaj juyo, bai dube ni ba, yac ce, "Ita dai ta iya hwaɗin gaskiya. Ranar Laraba ina da buhun wake Bazaga, ta ɗauko mini."

Baba yal laluba yad ɗauki makullin, yar riƙe shi ya daɗe. Sannan yac ce, "Ruwa bai sauka ba tukuna. Zo ki amsa."

Talata, 29 ga Afrilu

Na je wurin Sadisu, har yau bai samu wani manibel ba. Nic ce ya ɗaure wanga guda ɗin da ƙusa jikin ƙohwar Baba, yadda ba shi zaruwa. Yac ce, "To ke hwa? Naki gilashin haka zai zauna a buɗe." Nic ce a bar shi, ni iska nike so. In damina ta zo na sa leda.

Da Baba yash shiga, hannunshi yat tahi lalube awa kullum, yac ci karo da shi. Yaj ja, bai hita ba. Yam murɗa sama, yam murɗa ƙasa. Yac ce, "Sadisu ya yi aiki." Nic ce i, Sadisu na. Shi ke nan abin da munka ce.

Na buɗe saƙon Barira. Asabar za mu koma Malbaza tare mu ga jinjiri, na ce ta zo da mahucinta. Kuma na sa bidiyo cikin gurup, ina danna robobin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, iska na kaɗa mini kallabi. Nir rubuta: "Ga Hajiya Babu, babu kilim, ba a taɓa sa mata ba. Wadda gidansu ke da tsohuwa irin wagga ta turo hoto mu gani, ta hwaɗa muna mi tata ta rasa, kada ku bar ni ni ɗai."

Ba wai na canza ba na. Mutum huɗu sun turo, ta Mubaraka ko ƙohwar baya ba ta buɗewa.