Waken da Muka Rufe a Kwali

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, aikin koyarwa yana tafiya. Ɗakin da na kama ne dai rana ba ta leƙa shi, amma ai kwana kawai nake yi a ciki.

Kwanan nan ina koya wa 'yan ajina yadda tsiro ke sabawa da inda ya tsinci kansa. Mun shuka wake a gwangwani, muka rufe shi cikin kwali, muka yi 'yar huda a gefe. Wata yarinya har da kuka, wai na zalunce shi. Jiya sai ga ganye biyu kore shar sun leƙo ta hudar. Da muka buɗe, karan ya yi fari fat, ya sirance, ya lanƙwashe kamar lauje, amma da ransa.

Ga hotona na sako tare da na waken. Na san Inna za ta ce na rame. Don Allah ki fara nuna mata na waken.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarki.