Gwajin jinin da ka nace mu yi

Ƙanena Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin can, ya Hanatu da yara? Mu nan Kabong lafiya lau.

Shekara goma kana binciken yadda jiki ke gyara ƙwayoyin halitta na gado idan sun lalace, ba ka taɓa sako mu ciki ba. Amma tunda kansar nono ta yi ajalin Mama, sau uku kana kira, wai ni da ƙanwata Ladi mu je gwajin jini. Jiya Ladi ta ce, "Yaya, akwai abin da yake ɓoye mana." Ni ma haka na gani.

Me ka gano a takardun asibitin Mama? Faɗa mini gaskiya, 'ya'ya mata uku gare ni.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Yayarka,
Rifkatu