Ruwan Tsawaita Gashin Ido Ya Canza Wa Ƙanwata Launin Ido

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Kayan Kwalliya na kasuwarmu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kasuwa tana albarka. Sunana Hadiza, mai lalle ce ni, ina kuma yi wa amare kwalliya a wani ƙauye kusa da Dantchiao. Sau biyu na zo rumfarka, aka ce ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuto a fili, domin na kasa zama wuri ɗaya da wannan magana.

Na ɗaya, abin da ya faru. Bara, bayan ƙaramar salla, na shiga butik, wato shagon wani ɗan ƙungiyarku, sayen lalle da kwalli. Ya ɗauko mini wata 'yar kwalba mai tsinke a cikin murfinta, ya ce ruwa ne da ake shafawa a gindin gashin ido, yana sa shi tsawo da baƙi. Na tambaye shi ko yana da illa. Ya ce, "Haba Hajiya, kamar kwalli ne." Rubutun jikin kwalin ba Hausa ba ne, ba Faransanci ba ne, ba kuma Larabci ba. Na yarda da shi, na saya.

Wadda na fara ba wa ita ce ƙanwata Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce, kuma a duk jikokinta Rabi ce kaɗai ta gado idanunta, masu haske, ruwan zuma da ɗan kore a gefe. Tun muna yara, in mun kai nono kasuwa, mata kan tsayar da ita don su kalla. Rabi ba ta ma nemi wannan ruwa ba. Ni na matsa mata, na ce idanu irin nata sun cancanci dogon gashi.

Gashin ya fito kuwa, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai kafin damina ta yi nisa, fatar idonta ta yi duhu kamar wadda aka mara, ido yana ja yana ƙaiƙayi. Muka ce zafin hayaƙin murhu ne. Da kaka, muna sussukar gero a tsakar gida, rana ta haske mata fuska, na ga ƙwayar idonta ta hagu ta koma ƙasa-ƙasa mai duhu, ta dama kuma ta fara dabbare-dabbare. Taɓaryar da ke hannuna sai da ta faɗi.

Na biyu, abin da ya jawo mini a dangi. Surukar Rabi ta ce ido ba ya canza launi haka kawai, sai da hannun mutum. Wa ke taɓa idon Rabi? Ni. Magana ta zagaye gari cewa na yi wa 'yar uwata sammu saboda hassada. Amare uku da aka yi mini maganar kwalliyarsu aka fasa, ba wanda ya faɗa mini dalili. Wannan bai dame ni ba kamar yadda Rabi ta daina shigowa gidana. In mun haɗu a rijiya, ta gaishe ni kanta a sunkuye.

Mijinta Malam Idi, Allah Ya saka masa, bai bi maganar mutane ba. Ya ɗauke ta a moto, wato babur, zuwa Magaria, daga nan suka hau mota zuwa Damagaram wajen likitan ido, ni ma na bi su da kwalbar a ƙullin zanena. Likitan ya juya kwalin, ya karanta sunan sinadarin, ya girgiza kai. Ya ce ɗan uwan wani magani ne da suke ɗiga wa masu ciwon da ke matse ido daga ciki, wanda ba a bayarwa sai da takardar likita, kuma sun daɗe da sanin yana iya sa ƙwayar ido mai haske ta yi duhu. Ya ce ganinta lafiya lau, duhun fata zai iya washewa in ta daina. Rabi ta tambaye shi, "Launin fa?" Ya ce wannan da wuya ya dawo. Ba ta yi kuka ba. Muka kamo hanyar gida.

Na uku. Ba Rabi kaɗai na ba wa ba. Amare da dama na yi wa tallar ruwan nan da bakina. Tun daga ranar da muka ga likita nake yawo, yau Bande, gobe ƙauyukan Dogo-Dogo, a amalanke ko a ƙafa, ina sallama gidajen mutane ina cewa a bar ni in duba idon amarya. Wasu su ba ni kwalbar, wasu su rufe mini ƙofa, tunda gashi ya yi kyau. Masu baƙin ido ba a gane komai a nasu, amma na samu biyu da fatar idonsu ta yi duhu. Akwai wata da aka kai aure ƙetaren iyaka, har yau ban samu labarinta ba.

Na koma wajen mai butik na faɗa masa duk abin da likita ya ce. Ya ce shi ma saro shi ya yi. Ranar kasuwar da ta wuce na leƙa, kwalaben suna nan a jere, har an ƙaro sababbi.

Ga roƙona, Alhaji. Ka tara mutanenka ka sa a sauke wannan ruwa daga kantunansu, a kai wa ma'aikatan lafiya su duba. Duk abin da zai shiga ido, kada a sayar in mai sayarwa bai iya karanta abin da ke jikinsa ba. Sannan ina roƙon mai butik ya zo garinmu, ya tsaya gaban surukar Rabi da maigari, ya faɗi da bakinsa cewa a hannunsa na saya. Ba diyya nake nema ba. Laifina na ɗauka, na ba wa ƙanwata abin da ban sani ba, amma ban yi mata sammu ba.

In ba a yi komai ba, ranar kasuwa mai zuwa za ka same ni tsaye a bakin butik ɗin, duk matar da ta miƙa hannu ga kwalbar zan faɗa mata abin da na gani. Na fi so ka riga ni.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin gaskiya ko a kan naka, Ya tsare idanun iyalinka.

Wassalam.

Hadiza mai lalle