Na Kasa Gane Kabarin Inna

Juma'a da dare, Dingaya

Yau daga Birnin Kudu maƙabarta na zarce, in yi wa kakata Inna addu'a. Na durƙusa gaban wani kabari mai fasasshiyar tukunya, na sha kuka. Sai Malam Sale mai gadi ya dafa ni: "Ɗana, wannan ai na Audu mahauci ne. Ruwa ya tafi da alamar taku. Amma addu'a ba ta ɓatan hanya."

Da hannuna na sa ta a kabari, wata uku kacal da suka wuce! Tsohuwar da ke tsokanata da "maigidana", tana ƙulle mini ƙuli-ƙuli a bakin zane. In ni na kasa gane makwancinta, ya Allah, wa zai gane nawa?